Tattara Tarihin Baka a Arewa: Labarin Lugu da Inuwar Littafi

Ranar 16 ga watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa da kaftin Voulet da kaftin Chanoine ke jagoranta ta afka wa garin Lugu, a ƙasar Arewa. Abin da takardun Nasara suka adana game da wannan rana bai taka kara ya karya ba: an yi artabu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6, ayari ya wuce gabas zuwa Birnin Ƙwanni inda ya yi ta'asar da ta fi wannan muni a watan Mayu. Sauran labarin, wato yawan ƴan ƙasa da suka halaka, da wuraren da waɗanda suka tsira suka ɓuya, da abin da Sarauniya Mangu ta yi a ranar, duk a bakin mutane ya zauna. Wannan ne ya sa Lugu ya shiga cikin garuruwan Nijar da masu na'urar ɗaukar magana suka fi yi wa zarya.

A yau wayar salula ta mayar da kowane ɗalibi mai ɗaukar magana, kuma ba a rasa malami ko ƙungiyar raya al'adu da ke da niyyar tura yara wajen kakanninsu tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba. Niyya ce mai kyau. Sai dai kafin a ɗaura ɗamara ya kamata a auna abin da magabata a wannan aiki suka kawo, domin abin da ya faru da labarin Lugu ya nuna cewa tambayar da mutum ya tafi da ita, ita ke yanka masa amsar da zai dawo da ita.

Aikin ba sabo ba ne. Tafintan soja Moïse Landeroin, wanda ya raka ayarin Tilho mai shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila daga 1906 zuwa 1909, ya zauna da sarakuna da fadawansu tun daga tafkin Cadi har zuwa kogin Kwara yana rubuta jerin sunayen waɗanda suka yi mulki. Bayan samun ƴancin kai, ƙungiyar kulob-kulob na rediyo da aka kafa a 1962 ta ɗora wa malaman makaranta rikoda suka shiga ƙauyuka suna ɗauko muryar talakawa. A 1968 aka buɗe cibiyar adana tarihin baka a Yamai, wadda ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Amma game da Arewa ita kanta, aikin da har yanzu ake komawa gare shi shi ne na Marc-Henri Piault, Histoire mawri, wanda aka buga a Paris a 1970.

Babban abin yabo a littafin Piault shi ne bai tsaya a ƙofar fada ba. Ya gane cewa Arewa tana da tarihi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan aka tambayi gidan sarauta a Matankari, za a ji labarin Ari ɗan sarkin Barno, da ɗiyar Baura na Bagaji, da ɗansu Akazama wanda Arawa ke jingina sarautarsu gare shi. Idan kuwa aka tambayi Gubawa, ƴan ƙasa, waɗanda ke riƙe da al'amarin ƙasa da ruwan sama da iskoki, labarin zai faro ne daga Daura, da mace ta farko da ta riƙe sarautar Lugu, da dutsen Tunguma da ake kai wa ƙara idan shari'a ta gagara. Kowane ɓangare yana faɗin gaskiyar da ke tsare masa matsayi, kuma wanda ya ji ɗaya kaɗai ya ji rabi. Aibin littafin kuwa na zamaninsa ne. Tsofaffin sun yi magana da Hausa, littafin ya fito da Faransanci, a wata ƙasa, ga wasu masu karatu. Jikan wanda ya ba da labarin, in bai yi nisa a lakwal ba, ba shi da hanyar sanin abin da aka ce kakansa ya ce.

Shekara goma bayan haka, a 1980, Abdoulaye Mamani ya fitar da ƙagaggen labarinsa, Sarraounia. Dole a yi masa adalci, domin littafi ne mai rai, kuma marubucin bai taɓa cewa tarihi ya rubuta ba. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya sha gudun hijira, ya sha kurkuku, yana neman wata fuska da ƴan Nijar za su duba su ga cewa ba a miƙa wuya cikin ruwan sanyi ba. Ya samu suna da wuri da rana, sauran ya cike da basirarsa: marainiya wadda wani boka mai suna Dawa ya rena da nonon goɗiya, ya koya mata baka da kibiya da sirrin itatuwa, ta girma ta zama jaruma mai tsayawa gaban mayaƙa tana yi musu jawabi. A 1986 Med Hondo ya mayar da littafin silima. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya lashe babbar lambar yabo ta FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin mamaki da ba a cika kula da shi ba: a cikin wannan silima Sarauniyar Arewa ba ta jin Hausa, da harshen Jula take magana. Daga nan sunan ya bazu, ya shiga aji, ya hau kan gidan rediyo da talabijin a Yamai, ya zama tuta.

To amma Sarauniya a Lugu sarauta ce, Mangu kuwa ɗaya ce daga cikin jerin matan da suka riƙe ta. Mai riƙe da ita mace ce mai zama a ɗakinta cikin farin zane, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu neman roƙon damina ko waraka, ba ta yawo, balle hawan doki. Ko zaɓenta ba na mutane ba ne: a al'adar tarkama gawar wadda ta rasu ce, a bisa kafaɗun masu ɗauke da ita, ke nuna wadda za ta gaje ta. A labarin mutanen garin, maharba da samari ne suka tari harsashi da kibau, ƙarfin Sarauniya kuwa na asiri ne da na tsayawar zuciya, ita ce ta ƙi a miƙa wuya. Wannan bai rage mata daraja da ƙwayar zarra ba. Hasali ma mace da ke zaune a ɗaki amma maganarta ta isa ta sa gari ya tsaya gaban bindiga ta fi jarumar silima ban sha'awa ga mai nazari, domin tana bayyana yadda iko yake a wannan ƙasa kafin zuwan bariki.

Inda gizo ke saƙa shi ne, littafi ba ya tsayawa a kan kanta. Yakan bi ɗalibi zuwa gida lokacin hutu, ya bi kaset ɗin bidiyo zuwa dandali, ya bi rediyo zuwa gindin bishiya, har ya shiga bakin tsoho ba tare da tsohon ya san ta ƙofar da ya shigo ba. Masana tarihin Afirka sun daɗe da lura da haka, David Henige ya yi dogon bayani a kansa tun 1974. Hausawa ma suna da misali a gida: tun da aka buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a Zariya a farkon shekarun 1930, kuma labarin Bayajida ya shiga littattafan makaranta, da wuya a rarrabe wanda ya gaje shi daga kakarsa da wanda ya gaje shi daga malamin aji uku. Sai a ƙaddara yaro ya durƙusa gaban dattijo ya ce: "Baba, a ba ni labarin yadda Sarauniya ta yaƙi Nasara." Tambayar ta riga ta gama ba da amsa. Dattijo mai kunya ne, baƙonka annabinka, ga goro an ajiye, ga yaro ya zo da ƙishirwar abin da yake son ji. Zai ba shi doki, ya ba shi takobi, in ya taɓa jin labarin nonon goɗiya ya haɗa masa da shi. Bai yi ƙarya da gangan ba, ya shayar da baƙo ne da ruwan da baƙon ya zo da shi.

Ana iya gane aro daga kamanninsa. Abin da ya fito daga littafi yakan zo sumul, da farko da ƙarshe, da jawabai a kan ƴanci. Abin da aka gada a gida yakan zo gutsure-gutsure, cike da abubuwan da ba su da amfani ga mai tsara labari: sunan rijiyar da aka bari, kogon dutsen da wani gida ya shige, wane ne ya mutu a zuri'ar su wane, me ya sa dangin wane suke zaune a wani gari har yau ba su komo ba. Mai tattarawa da ba a horar ba yakan yar da na biyun don ya ga ba shi da daɗin ji, ya rungumi na farkon.

Littafin Lougou et Saraouniya, wanda Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy suka fitar a 2007 cikin ayyukan ƙungiyar Tarbiyya Tatali, ya zo ne a kan wannan gaɓa. Ya mayar da magana ga mutanen garin, ya nuna Sarauniya a matsayin sarauta mai ci gaba, ya ba addinin ƴan ƙasa fili ba tare da izgili ko ƙawa ba. Duk malamin da ke koyar da littafin Mamani ya kamata ya ajiye wannan a gefensa, ya bar ɗalibai su gwama. Amma shi ma bai kuɓuta daga tarko biyu ba. Da Faransanci ya fito, kamar na Piault shekara 37 kafinsa. Sannan ko da yake gyara ya zo yi, filin da ƙagaggen labari ya share shi ne ya shiga: Lugu dai, Sarauniya dai.

Kada a ɗauka wannan gardamar masana ce kawai. A 2020 Rob Lemkin ya fitar da silimar African Apocalypse, inda Femi Nylander ya bi sawun Voulet yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa. Wuraren da silimar ta fi ƙarfi su ne inda aka yi shiru aka bar mutanen garuruwa suka yi magana, ta fi rauni kuma inda matafiyin da littafin Joseph Conrad da yake riƙe da shi suka tare hanya. Shekara guda bayan haka wakilan waɗannan al'ummomi suka kai kukansu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman Faransa ta amsa laifi ta kuma buɗe takardunta. Daga ranar da aka yi haka, maganar tsoho ta tashi daga hira ta zama shaida. Shaida kuwa ana tuhumarta. Idan mai musu ya iya nuna cewa jimla ɗaya a bakin mai ba da labari daga silima aka aro ta, zai yi amfani da ita ya rushe sauran goma da suke gaskiya tsantsa. Maganin wannan yana cikin ilimin da ƙasar Hausa ta sani tun kafin rikoda. Malaman hadisi ba sa karɓar matani sai da isnadi. Kowace hira ya kamata ta ɗauki nata: wa ke magana, ɗan wane gida ne, daga bakin wa ya ji, shi wancan ya gani da ido ko shi ma ji ya yi, su wa ke zaune a wurin lokacin da ake ɗauka, kuma mai maganar ya taɓa kallon silimar ko an taɓa karanta masa littafin. Tambayar ƙarshen nan tana da nauyin yi ga dattijo, amma akwai hanyar yinta cikin ladabi, kuma rashin yinta ya fi tsada.

Ɓarnar inuwar Lugu ta biyu ita ce abin da ta rufe. A kudancin Dallol Mauri akwai Tibiri, wadda ba ta Gobir ba, gidan sarautar Samna. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabi a 1849 yana neman fita daga hannun Gwandu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun mara masa baya, kuma sunan Samna Karhe na Tibiri yana cikin waɗanda ake ambata tare da Isa Korombe a yaƙe-yaƙen da suka kai ga sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Wannan zamani ya fi yinin Lugu tsawo nesa ba kusa ba, shi ya tsara inda garuruwa da yawa suke zaune a yau, amma bai samu Mamani nasa ba. A wani gefen rashin ya zama riba, tunda babu ƙagaggen labari da ya gurɓata shi. A wani gefen kuma mota ba ta tsayawa, mai rikoda yana wucewa ne zuwa inda sunan ya riga ya fita.

Sai dai kada a zaci labarin Tibiri tsarkakakke ne don bai shiga littafi ba. Yana da tasa inuwar, ta fada da maroƙa. A Nijar masu gari ne ke zaɓen sarkin kanto daga cikin waɗanda suka tabbatar da cewa suna da gadon sarautar, saboda haka salsalar da aka faɗa gaban na'ura da'awa ce, ko mai faɗinta ya nufa ko bai nufa ba. Haka nan labarin wanda ya fara haƙa rijiya ko sare daji yana iya tashi gobe a gaban alƙali cikin rikicin gona. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan kaifi, wato asalin bauta. An haramta bauta a dokar hukunta laifuka tun 2003, amma har yanzu kalma ɗaya a kan kakan mutum tana iya warware baiko. Malamin da ya tura yara su tattaro asalin gidaje, sannan ya buga abin da suka kawo ko ya sake shi a WhatsApp, ya sani cewa wuta ya ɗauko a tafin hannu. Dole a tambayi mai magana abin da ya yarda a watsa, da abin da za a rufe sai bayan ransa, kuma a cika masa alkawari.

Akwai kuma abin da tsoho ba zai faɗa ba saboda wanda ke tambayarsa. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi ta fitar da littafinta a kan bori a 2001, ta nuna yadda yaɗuwar salla ta tura wannan al'ada gefe. Dattijon da ya yi tashe a wasan bori yana saurayi, yau kuma yake sahun gaba a masallaci, ba zai buɗe wa jikansa mai zuwa islamiyya wannan babi ba, sai ya ce jahilci ne na da, a wuce wurin. Kuma yawancin wannan sani a hannun mata yake, tare da labarin yunwa, da haihuwa, da waƙoƙin daka. Saurayi mai wayar salula ba zai wuce zaure ba. In ba a tura ƴan mata wajen kakanninsu mata ba, su zauna ana surfe ana hira babu namiji a kusa, rabin ƙasar bai yi magana ba.

Wani abin da ɗokin 1899 ke mantarwa shi ne babu sauran wanda ya ga wannan shekara da idonsa. Abin da ake ɗauka yanzu ji ne daga ji. Alhali ga mutane da ransu waɗanda suka ga wasu abubuwa ƙuru-ƙuru. Waɗanda suka san aikin tilas kafin a soke shi a 1946 sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka ga farautar ƴan Sawaba a 1964 sun tsufa, kuma Klaas van Walraven ya nuna a littafinsa na 2013 irin dukiyar da ke bakinsu. Waɗanda suka sha yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 wadda jama'a suka raɗa wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, suna nan a kowane gida, sun san abin da aka ci, da farashin tiya, da wanda ya tafi bai komo ba. Boureima Alpha Gado ya gina tarihin yunwar Sahel a 1993 da taimakon irin waɗannan sunaye da talakawa ke ba shekaru. Wannan hira ba ta da jarumi, shi ya sa ba a rububinta, amma ita ce ɗalibin kwaleji zai iya yi da kyau, domin mai ba shi labari ganau ne.

Saura maganar harshe, kuma a nan malaman Hausa ne abin tuhuma. Ba'are yakan ce "sunka tahi", "shina hwaɗi", "munka ishe". Malami mai jan alƙalami, wanda aka horar a kan daidaitacciyar Hausa, hannunsa na ƙaiƙayi ya mayar da su "suka tafi", "yana faɗi", "muka tarar". Da ya yi haka ya goge shaidar da ke nuna daga ina maganar ta fito. Ƙa'idar rubutun da gwamnati ta tsayar a 1999 ta isa ta rubuta Arewanci yadda aka furta shi, fassarar Faransanci kuma ta zo a shafi na daura, tana bin Hausar a baya. Kalmomin noma da farauta da tsafi da ba su cikin ƙamus su ne suka fi cancantar a bar su yadda suke, a tambayi mai maganar ma'anarsu tun yana kusa.

Inda za a ajiye abin da aka ɗauka shi ma abin dubawa ne. Al'adar da aka gada ita ce murya ta tafi Yamai ko Paris, gari ya zauna hannu rabbana. Kaset yana cin kansa a cikin zafi, waya tana faɗawa rijiya ko a sayar da ita da duk abin da ke ciki. Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, ba ta rasa makaranta ko ofishin da zai riƙe kwafi ɗaya, a aika ɗaya IRSH ko CELHTO, a bar ɗaya a gidan mai maganar. Mafi amfani ma shi ne a mayar da muryar dandali a kunna wa sa'o'in mai maganar su ji, domin nan take wani zai ce ba haka aka yi ba, wata ta ƙara sunan da aka manta, kuma wannan gardamar ita ma abin ɗauka ce.

Game da yaƙe-yaƙen zamanin Samna Karhe kuwa, rabin labarin yana ƙetaren iyaka. Mutanen Argungu suna da nasu zancen a kan wanda ya taimaki wani, zuri'ar Gwandu a Birnin Kabi suna da nasu, har da rubutattun takardu na Larabci da ajami. Tafiyar yini guda ce daga Tibiri, kuma ɗalibin da ya tashi da Arewanci a bakinsa ba ya bukatar tafinta a ko ɗaya daga cikin garuruwan biyu.